Tsohuwar Bindigar Gado: Yadda Ake Gane Darajarta da Inda Aibinta Yake

Wata ranar Alhamis bayan na fito daga aji, wani ɗalibina ya biyo ni ofis da tambayar da ba ta cikin manhajar da nake koyar da su. Ya ce, "Malam, an rushe wani tsohon soro a gidanmu na cikin birni, sai aka tarar da bindigar kakanmu naɗe cikin tabarma an soke ta tsakanin azara. Yanzu kan gidan ya rabu. Baffanmu yana so a sayar wa wani dillali da ya ce tun kafin zuwan Turawa take. Ƙanena kuwa so yake a kai wa maƙeri ya tayar da ita, ya riƙa tsaron gona da ita. Don Allah ko za ku zo ku duba mana?"

Ni malamin ilmin halittu ne, ban taɓa riƙe guduma a maƙera ba. Amma rabin bindiga itace ne da fata, kuma gara da ƙwari da danshi masu cin su duk a fagenmu suke. Wanda za ta fashe a hannunsa kuwa nama ne da ƙashi da jini. Saboda haka na amsa masa, muka sa ranar Asabar. Abin da muka gani a wannan gida shi ne zan yi amfani da shi domin in nuna wa mai karatu yadda ake bin irin wannan bindiga daki-daki. Akwai ire-irenta da yawa a gidajen cikin ganuwa, kuma kusan ba a samun wadda ba a taɓa yi mata gyara ba. A wurin gyaran nan ake samun amsar tambayoyi biyu da masu ita suke yi, wato nawa za ta yi, kuma ko za ta harbu.

Yadda Bindiga ta Zo Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka riƙa kawo garkuwa da bindigogi daga ƙasar Nufe. Ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Jikokin wannan al'ada su ne 'yan bindigan Sarki da ake jin rugugin albarushinsu a hawan Sallah, hawan da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024.

Galibin bindigogin nan daga bakin teku suka hauro. Turawa suna kiran su da sunan mutanen Danmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar da suka zauna a sansanin Christiansborg na birnin Ankara ta Gana, har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila. Amma daga baya maƙeran Birmingham ta Ingila da na Liège ta Beljiyam su ne suka fi ƙera su. Masanin tarihi J. E. Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 Afirka ta Yamma a kowace shekara. Bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, sai irin waɗannan masu ɗurin baki suka ci gaba da kwarara. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin zai yi mana amfani idan mun zo maganar kuɗi. Abin da aka ƙera da yawa haka ba ya yin tsada don tsufansa kawai.

Irin wannan bindiga ita ce jama'a suke kira bindigar toka, ko harba-ka-ruga. Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen da ke murza harsashi, don haka tana iya watsa ƙananan ƙwayoyin dalma da yawa a harbi ɗaya, kamar bindigar farauta ta zamani.

Tambaya ta Farko: A Ɗure Take?

Da muka isa gidan, bayan gaisuwa, dattijon gidan ya sa aka fito da ita zaure. Ƙanen ɗalibina ya ɗaga ta zai leƙa bakinta, na ce, "Tsaya, samari, ajiye ta, ka juya bakinta wajen bango." Albarushi ba ya mutuwa da tsufa. Gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai suna fotasiyam naitret, kuma muddin bai jiƙe ba yana iya kamawa bayan shekara ɗari. Maharban da kuwa sukan ajiye bindiga a ɗure, saboda ɗurinta yana cin lokaci.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Muka sami kara miƙaƙƙe muka zura a hankali har ya tsaya, muka yi masa alama daidai bakin bututun, ba tare da kowa ya sa hannu ko fuska a saitin bakin ba. Sa'an nan muka zare shi muka ɗora a bayan bututun. Da ba kome a ciki, da karan ya kai daidai 'yar kafar da wuta ke shiga. Sai muka ga ya gaza da faɗin yatsa huɗu. Wato akwai wani abu a ciki.

Abin nan yana iya zama tsohon ɗuri, yana kuma iya zama ginin zanzaro. Zanzaro yana son rami mai duhu da ba a taɓawa, inda zai gina ɗakunan laka ya tara wa 'ya'yansa abinci, kuma bututun bindigar da aka rataye shekara da shekaru ya dace da buƙatarsa. Ko wanne ne daga cikin biyun, haɗari ne. Idan ɗuri ne yana iya tashi, idan laka ce kuma aka ɗura a kanta aka harba, bututun zai kumbura ko ya tsage. Kada a busa bakinta, kada a ɗana kunama don a gwada, kuma kada a sa ta a wuta wai don tsatsa ta saki. Fitar da ɗuri aikin wanda hukuma ta ba izinin gyaran bindiga ne.

Karanta Jikin Bindiga

Bayan mun jingine ta inda ba za ta cuci kowa ba, sai muka shiga karanta jikinta da tabarau mai ƙara girman abu, irin wanda muke duba furanni da shi.

Abu na farko shi ne hatimi. Tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake cika bututu da albarushi fiye da kima a harba shi, idan bai fashe ba a buga masa hatimi kusa da gindi. Daga 1813 zuwa 1904 hatimin nan sanduna biyu ne na sarauta a gicciye da kambi a samansu. Na Liège kuwa haruffan E, L da G ne a cikin da'ira mai siffar ƙwai. A jikin bindigar gidan nan mun ga inuwar sandunan a gicciye, ko da yake sun kusa gogewa. Wannan ya nuna cewa bututun ya girmi 1904, sai dai a tuna an yi hatimin jabu a wancan zamani. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, don haka maganar dillalin tana iya zama gaskiya. Amma hatimi lokacin gwaji kawai yake faɗa, ba ya faɗin ranar da bindiga ta shigo birni ko wanda ya riƙe ta.

Abu na biyu shi ne ƙota. Maƙeran Turai sukan yi ƙotar bindiga mai araha da itacen da masana tsirrai ke kira Fagus, wanda ake gane shi da wasu gajerun ɗigo-ɗigo masu duhu a jikinsa, kamar an yayyafa masa riɗi. Ƙotar da ke gabanmu ba ta da su. Jajaja ce, zarenta a sarƙe, kamar maɗaci. Ashe ƙotar asali ta karye ko ƙwari sun cinye ta, wani masassaƙi na gida ya sassaƙa wata. An naɗe wuyanta da fata, an ɗinke da jijiya, ga kuma 'yar laya. Ƙarƙashin fatar mun ga ƙananan huji kamar na allura, da gari mai laushi yana zubowa idan an ƙwanƙwasa. Aikin tsutsar wani ƙwaro ne mai cin itace daga ciki ya bar bayansa lafiya lau. Ga kuma tsaga a wuyan, irin wadda yanayinmu ke jawowa: itace ya sha danshi ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu, shekara bayan shekara, alhali ƙarfen da ke cikinsa bai bi shi ba.

Abu na uku shi ne wurin kunama. Bindigogin farko da ƙanƙara suke tashi: kunama tana riƙe da ɗan dutsen ƙanƙara, ta bugi ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa wani ɗan kasko mai albarushi, wuta ta bi ta kafa ta shiga ciki. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da bindiga da sinadari mai kamawa idan an buge shi, daga baya aka riƙa zuba shi a 'yar hula ta tagulla. Tamu da ƙanƙara aka ƙera ta, domin ga gurbin kaskon an yanke shi, ga ramukan ƙusoshin da aka toshe. Wani maƙeri ne ya faɗaɗa kafar, ya ɗaura mata ɗan ƙarfen da ake kifa hular a kai.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali. A gindin bututun akwai dunƙulen walda irin ta wutar lantarki, an goge wurin da fayil, an shafe bindigar duka da baƙin fenti, an kuma datse bakinta. Na tambayi dattijon, ya ce, "Ƙwarai kuwa, Malam, a shekarun 1980 ta ɗan tsage, aka kai wa mai walda ya liƙe ta."

Inda Aibi Yake Ɓuya

Domin a gane illar waldar nan, sai a san abin da ke faruwa a cikin bututu lokacin harbi. Albarushi yana ƙonewa cikin ƙiftawar ido ya koma iska mai tsananin zafi, wadda ba ta da mafita sai ta tura dalma waje. Matsin da take yi wa bangon bututu ya ninka matsin iskar da muke shaƙa sau ɗaruruwa, kuma ya fi tsanani a gindi, daidai inda fuskar maharbi da hannunsa suke. Ƙarfen da ke wurin shi kaɗai ne tsakaninsa da wannan wuta.

Abubuwa uku suke raunana ƙarfen. Na farko tsatsa. Fiye da rabin albarushi ba ya zama iska, toka yake zama ya manne a ciki, kuma tokar nan tana da gishiri-gishiri masu jan danshi. Idan ba a wanke bututu bayan harbi ba, damina ɗaya ta isa tsatsa ta fara haƙa ƙananan ramuka daga ciki. Bututu yana iya yin sheƙi a waje alhali a wani wuri kaurinsa bai wuce na gwangwani ba.

Na biyu walda. Tsofaffin bututu da ƙarfe mai taushi aka yi su, aka naɗe shi aka haɗe bakinsa da guduma a wuta. Zafin walda yana sauya tsarin ƙwayoyin ƙarfe a gefen inda aka liƙe, wani wuri ya yi tauri mai saurin karyewa, wani ya yi laushi. Tsagar kuwa sau da yawa tana nan a ƙarƙashi, an rufe ta ne kawai. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Haka nan ɗan ƙarfen da aka ɗaura a kafa, idan zarensa ya ci tsatsa, yana iya fizgewa ya fita ta gefe kamar harsashi. Mafi muni kuma su ne bututun da ake yi da bututun famfo, wanda yake da ɗinki a tsawonsa, kuma ba a yi shi don ya ɗauki irin wannan matsi ba.

Na uku sauya abin ɗuri. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro garin harsashi marar hayaƙi, wanda ya ninka albarushi ƙarfi kusan sau uku. Shi ne a cikin harsasan zamani. Wanda ya fasa harsashi ya juye garinsa a bindigar toka ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Hatimin da muka gani shaida ce ta cewa bututun ya jure albarushi fiye da shekara 120 da suka wuce, kafin tsatsa da fayil da walda. A Ingila kanta, bindigar da aka rage wa kaurin bututu fiye da ƙa'ida ta fita daga gwaji, kuma doka ta hana sayar da ita sai an sake gwada ta.

Masu tsohuwar bindigar farauta mai karyewa, mai baki ɗaya ko biyu, su ma suna da nasu tarkon. Gurbin harsashin tsofaffin na Ingila masu lamba 12 galibi milimita 65 ne, na zamani kuwa 70 ko 76. Ana auna tsawon kwanson harsashi ne bayan bakinsa ya buɗe, don haka na 70 yana shiga gurbin 65 lafiya lau, sai an harba ne bakinsa zai rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Matsin da aka yarda harsashin 70 ya kai shi ne bar 740, wato fiye da ninki 700 na matsin iska. Idan kuma an rufe bindiga ana jin bututu yana girgiɗi a mahaɗa, ko kunama tana sauka da kanta idan an bugi ƙota, to ta gama aiki.

Kunne da Jini

Ko bindiga ba ta fashe ba, tana da haƙƙin da take karɓa daga jiki. Ƙarar harbi ta haura desibel 140, kuma a wannan mataki harbi ɗaya yana iya yin illa. A can cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000 waɗanda suke mayar da sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tsuntsu idan nasa suka lalace yana tsiro da wasu, amma ɗan Adam ba ya yi. Dalma kuwa guba ce. A 2010 fiye da yara 400 suka rasu a Jihar Zamfara saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Narka dalmar tsohon batir a tsakar gida domin a yi ƙwayoyin harbi hanya ce ta shigo da wannan guba inda yara suke rarrafe.

To, Nawa ce Darajarta?

Yanzu sai mu koma ga tambayar baffa. Masu tattara kayan tarihi abu uku suke dubawa: ƙarancin abu, yawan abin da ya rage na asalinsa, da kuma sanin hannayen da ya bi. Ta fuskar ƙaranci, mun riga mun ga irinta dubbai ce. Ta fuskar asali kuwa, a nan ya kamata a bambance gyara iri biyu. Ƙotar maɗaci da naɗin fata da sauya kunama aikin masassaƙa da dukawa da maƙeran ƙasar nan ne, kuma suna ba da labarin yadda kayan Turai ya zama na gida. Mai sayen bindigar Ingila zalla zai rage mata kuɗi saboda su, amma ga masanin tarihin Kano su ne abin dubawa. Walda da fenti da fayil da datse baki kuwa ba su ƙara kome ba, sai ma goge hatimi da suka kusa yi. Saboda haka kada a kankare tsohuwar bindiga don ta yi ƙyalli. A share ƙura da busasshen tsumma, a shafa ɗan man inji a ƙarfe, a nisanta ta daga ƙasa da jikin bango saboda gara.

Abu na uku, wato sanin hannayen da ta bi, shi ne wanda ya fi saurin ɓacewa, kuma ba ya cin ko kwabo. Na ce wa ɗalibina ya zauna da dattijon nan ya rubuta duk abin da ya sani: wa ya fara mallakarta, a ina ya samo ta, farauta ya yi da ita ko hawa, wace unguwa maƙerin yake. Bindiga marar labari tsohon ƙarfe ce, dillali zai saye ta da arha. Labarin kuwa yana bakin mutum ɗaya mai shekara fiye da tamanin.

Akwai kuma doka. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, da na farauta waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, da masu ɗurin baki waɗanda al'amarinsu yake hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana gyara ko sayar da bindiga ba tare da izini ba, ta kuma hana datse bututu mai sumul ya gaza inci 20, wato kimanin santimita 51. Lasisin kaka ba ya zama gado. Bugu da ƙari, doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun waɗanda hukumar ta amince da su, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Ko wata bindiga ta shiga wannan rukuni, hukumar ce mai faɗa, kuma Gidan Makama, wanda yake ƙarƙashinta, yana nan kusa da fadar Sarki.

Kammalawa

Kafin mu tashi na faɗa wa mutanen gidan abin da na gani. Na ce wa dattijon, "Baba, bindigar nan ta gama harbi har abada. Abin da ya rage a jikinta tarihin gidanku ne, kuma ya fi abin da dillali zai ba ku." Saurayin nan bai ji daɗi ba, ya ce ai sai an gwada akan san na ƙwarai. Na nuna masa dunƙulen waldar, na sa ya ɗora kuncinsa a ƙota kamar zai harba, ya ga tazarar da ke tsakanin wurin da idonsa ba ta kai taki ɗaya ba. Bai sake magana ba.

Daga baya ɗalibina ya gaya mini sun sanar da hukuma, an fitar da abin da ke ciki, kuma tsohon ɗuri ne, albarushinsa a bushe. Ya cika shafi shida da labarin da kakansa ya ba shi. Duk wanda ya tsinci irin wannan bindiga a gidansu, ya ɗauka a ɗure take, kada ya harba ta, kada ya goge ta, ya rubuta tarihinta tun masu saninsa suna raye, sa'an nan ya nemi hukuma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.